Daga Dutsin-Ma Zuwa Kurfi A Ƙasa: Ina 'Yan Sikawut Suka Shiga?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin ranar yara ta 27 ga Mayu, ko kuwa na ranar 1 ga Oktoba, a hedkwatar wata ƙaramar hukuma cikin Jihar Katsina, lalle ya ga 'yan sikawut. Sukan fito cikin kaki mai guga, da ƙyalle a wuya, da usur a aljihu, su yi maci su wuce ta gaban manya su sara, a tafa musu. In taro ya watse su ne masu kwashe kujeru. Daga nan kuma ba a sake jin ɗuriyarsu sai baɗi. Mu da muke wannan rubutu mun sa kakin nan, mun yi macin nan, mun kuma kwashe kujerun nan, saboda haka ba gori muke yi wa kowa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, a makarantar da muka fito mu ne rukunin ƙarshe da aka ɗora wa jaka a baya aka ce su shiga daji da ƙafafunsu. Ƙannenmu da suka biyo bayanmu iyakarsu katangar makaranta, kuma muna ganin hasarar da aka yi a nan ta fi yadda ake zato.

A hunturun 2016 ne, muna aji biyu na ƙaramar sakandare, malaminmu na sikawut ya ja mu, mu goma sha takwas, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Tsakanin garuruwan nan biyu bai cika kilomita 30 ba, mota ba ta yin sa'a guda. Mu kuwa kwana biyu muka yi a hanya, sai a rana ta uku da hantsi muka shiga Kurfi, domin malam ya haramta mana taka kwalta. Kowa da jakar goyonsa, a ciki akwai bargo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da igiya da ashana da tocila, a kai ga tabarma a nannaɗe, a gefe ga gorar ruwa da buta suna reto. Bayan sallar asuba muka tashi daga gindin dutsen nan da garin ya ci sunansa, wanda tsofaffi ke cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kansa. Muka ba dutsen baya, muka fuskanci arewa, muka bi hanyar ƙafa ta cikin gonakin da aka riga aka girbe.

Ranar farko waƙa muka yi ta yi har azahar. Daga nan bakin kowa ya mutu. Ƙarangiya ta cika mana safa, masu sabon kambas suka fara ɗingishi saboda bororo, wanda kuma ya cika jakarsa da kayan banza, irin su madubi da turare, ya gane kurensa tun kafin la'asar. Amma a wannan yini ne muka fara sanin cewa abin da muke kira "itace" kawai a cikin aji yana da sunaye da halaye. Malam ya nuna mana gawo ya cika da ganye a tsakiyar rani alhali da damina a tuɓe yake, ya ce shi ya sa manomi ba ya sare shi, domin ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Muka tsinci magarya da aduwa muka tsotsa. Muka koyi bambanta sabara da geza, da kalgo da tumfafiya. Aka gargaɗe mu kada kowa ya sa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin kara, saboda kububuwa, wadda ƙanƙantarta ba ta hana ta kisa. Da dare ya yi malam ya kashe tocila ya nuna mana kaza da 'ya'yanta a sararin sama, da asuba kuma ya tashe mu mu ga gamzaki.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ne a rana ta biyu. Wajen tsakar rana ruwanmu ya ƙare ƙaf. Taswirar da ke hannun malam ta nuna wani shuɗin layi a gabanmu, watau rafi, muka ƙara sauri muna murna. Da muka isa sai muka tarar da yashi fari fat, ko laima babu. Muna nan zaune gindin wata tsamiya, wasu har sun fara hawaye a ɓoye, sai ga wani yaro ɗan Fulani, tsaranmu, da sandarsa a kafaɗa da 'yan shanunsa. Ya gaida malam, ya dube mu da kakinmu da taswirarmu da kamfas ɗinmu, ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, ruwa kuke nema? Ai kuna zaune a kansa." Ya wuce zuwa inda rafin ya yi kwana, ya durƙusa, ya sa sakaina ya tona yashi kamar kamu ɗaya da rabi, ya ce mu dakata. Jim kaɗan ruwa ya fara tsattsafowa. Muka tace da ƙyallen wuyanmu, muka tafasa, muka sha. A cikinmu akwai wanda ya zo na ɗaya a darasin labarin ƙasa zango uku a jere, ya san tsawon kogin Nilu da sunan babban birnin Kanada. Shi ma layi ya bi, da kofinsa a hannu, yana jiran yaron da bai taɓa shiga aji ba ya ɗebo masa.

A daren nan muka sauka wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Malam ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne, 'yan makaranta, muna neman wurin da za mu sa haƙarƙari." Dattijon ya ce, "Malam, ai kun zo gida. Yara, sannunku da hanya." Aka ba mu aji guda a makarantar firamaren ƙauyen, ba ƙofa, ba taga, rabin rufin iska ta ɗauke. Kafin isha akusa ta fi goma ta iso, tuwon dawa da miyar kuka, daga gidajen da mu kanmu muna gani ba su da rarar hatsi. Da safe muka je rijiya taya mata jan ruwa don mu rama alheri, muka ƙirga igiyar gugan nan gaba-gaba har hannuwanmu suka yi ja, kafin mu cika tulu uku mun gaji, wata tsohuwa ta karɓe gugan tana dariya ta ce, "Ku kawo, 'ya'yana, hannun biro ba na igiya ba ne." A kan hanyarmu ta fita kuma muka bi wani burtali wanda malam ya ce a da garke guda kan wuce ta cikinsa a sake. Mun same shi gonaki sun ci shi dama da hagu har ya zama shanu biyu ba za su jera ba sai ɗaya ta taka shuka. A lokacin ba mu fahimci abin da idonmu ya gani ba. Sai da muka zo jami'a, muka ji ana ta muhawara a kan rikicin manoma da makiyaya, ana ambaton dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, sa'an nan muka tuna cewa mun taɓa auna matsalar nan da tafin ƙafarmu.

To, mai karatu ya san abin da ya biyo baya. 'Yan bindiga da suka yi sansani a dajin Rugu suka addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa, wutar ta yi ta ci har ta iso ƙauyukan Kurfi da na Dutsin-Ma. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji a ƙasa, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watan Oktoba na 2023 aka shiga har cikin garin Dutsin-Ma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya daga gidan da suke haya. Bayan duk wannan, wane uba ne zai sa hannu a takarda ya ce ya yarda a kai ɗansa kwana a daji? Wane shugaban makaranta ne zai ɗauki wannan kasada? Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan. Da mu ne a matsayinsu, abin da za mu yi ke nan.

Amma akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata mu 'yan boko mu faɗa wa kanmu. Kafin ɗan bindiga ya karɓe dajin nan, mu muka fara barinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru ilmin da ake ba mu yana koya mana cewa ci gaba shi ne nisantar ƙauye, wanda ya yi karatu alamarsa ita ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙura. Yaro ya tashi daga firamare zuwa sakandare mai katanga, daga nan zuwa jami'a mai katanga, daga nan zuwa ofis mai fanka, ya zama malamin gona ko malamin daji ko jami'in ƙasa da safiyo, a kawo masa taswira ya sa hannu a yanka hurumin kiwo a mai da shi gonar wani babba, bai taɓa ganin wurin ba, bai san mashaya nawa ya toshe da biro ɗaya ba. Ko Bature ɗan mulkin mallaka, da duk zaluncinsa, yakan hau doki ya yi rangadi ƙauye-ƙauye, ko da yake haraji da jangali ne suke kai shi. Mu da muka gaji kujerarsa, ƙasar kuma ta iyayenmu ce, rangadinmu iyakarsa inda kwalta ta ƙare.

Dubi madatsar ruwa ta Zoɓe da ke kudu da Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa. An gama gina ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Aikin tace ruwanta da tura shi ga jama'a ba a ƙaddamar da shi ba sai a watan Yuli na 2021. Shekara 38 ke nan ruwa yana kwance, mata suna jan guga. Dalilan wannan jinkiri suna da yawa, akwai juyin mulki, akwai canjin gwamnatoci, akwai rashin kuɗi. Amma muna da yaƙinin cewa da waɗanda fayil ɗin ya yi ta ratsa teburansu sun taɓa yini guda da busasshen maƙogwaro a gindin tsamiya, ko sun taɓa jan igiyar rijiya har hannunsu ya yi kanta, da fayil ɗin bai yi barci haka ba. Gani ya kori ji. Amfanin tafiyar sikawut ke nan a wurinmu: tana ɗaukar yaron da gobe zai riƙe ofis, ta kai shi inda sa hannunsa zai sauka, tun yana da shekarun da abin zai zauna masa a zuciya.

Wasu abokanmu a nan jami'a sukan ce ai sikawut ɗin ma kayan Turawa ne, a bar shi ya mutu. Gaskiya ne asalinsa daga can yake. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar bayan zangon gwaji da ya yi da yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, hafsan sojan mulkin mallaka ne, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarkin Asante. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1915. Ba mu da niyyar wanke shi. Sai dai muna tambaya, shin Bature ne ya koya wa Bahaushe tafiya a ƙasa? Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, da jakuna da kaya a ka. Almajiri da allonsa da buzunsa ya ratsa daga Katsina zuwa Barno. Maharbi ya san sawun kowace dabba, makiyayi ya san inda ruwa ke ɓuya a cikin yashi. Bin sawu da kunna wuta da kwana a fili da sanin hanya ta taurari, duk namu ne tun kafin a haifi Baden-Powell. Abin da makarantar boko ta raba mu da shi ne sikawut ya ɗan maido mana, ko da yake a cikin kaki. In kakin ne abin ƙi, a canza shi, tafiyar dai a bar mana ita.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ba mu ce a kwashi yara a nufi Rugu ba, wanda ya faɗi haka ya kamata a duba lafiyarsa. Amma ya kamata mu tuna cewa wannan ba shi ne karo na farko da hanyar Kurfi ta yi haɗari ba. A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kurfi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya kuwa yi mamakin irin ganuwa da ramukan tsaro da mutanen garin suka kewaye kansu da su saboda hare-haren Gobirawa da Maraɗawa. A wancan zamani mutum ɗaya ba ya yin doguwar tafiya. Duk da haka ba a daina tafiya ba, tsari aka yi mata. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya dubo hanya, ana jin labari daga zango zuwa zango, in an ce gaba ba kyau a dakata ko a sake hanya, kwana kuma sai a cikin gari mai ganuwa. Mutanen da ba su da waya ba su da mota sun iya wannan, mu da muke taƙama da digiri mun kasa shirya tafiyar yini guda ta yara ashirin.

Abin da muke kira a yi ba ya bukatar kwamiti. A fara da tafiyar wuni, a fita bayan asuba a dawo kafin la'asar, cikin rani lokacin da ciyawa ta kwanta ana hangen nesa, a kuma zaɓi ɓangaren da mutanen wurin da kansu suka ce lafiya lau ne a wannan mako. Kafin a ɗaga ƙafa a je gaban Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma, da Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, a nemi izini, su kuma su sanar da dagatai da masu unguwanni, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sanar da 'yan sanda da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a watan Oktoba na 2023. Kada a yi shelar rana ko hanya a Facebook, hoto ya jira sai an dawo. Muna ma ba da shawarar a ajiye kaki a gida a irin wannan fita, a sa kayan gida da ƙyallen wuya kawai, don kada wani ya hango yara daga nesa ya ɗauke su 'yan sa-kai. In an ga shekara ta zagayo lafiya, sa'an nan a yi maganar kwana, shi ma a cikin gari, a zauren mai unguwa ko a ajin firamare. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da kuwa dagaci ya aiko ya ce a dakata, to, a dakata, ba gardama.

Akwai kuma wani kuskure da aka yi a zamaninmu wanda bai kamata a maimaita ba. Yaron nan da ya tona mana ruwa, mun yi masa godiya, mun ba shi sukari da ƙuli-ƙuli, muka wuce. Ba wanda ya yi tunanin cewa shi ya fi cancanta da ƙyallen wuyan nan fiye da mu duka. Ƙungiyarmu ta 'yan makarantar gari ce zalla, ɗan ƙauye da ɗan ruga sai dai su tsaya gefen hanya su yi kallo. Yau ga shi an wayi gari ɗan Bahaushe yana ganin kowane ɗan Fulani ɗan bindiga ne, ɗan Fulani yana ganin kowane ɗan Bahaushe ɗan sa-kai ne, alhali iyayensu sun yi shekaru suna musayar nono da hatsi, shanun wannan suna kwana a gonar wancan suna zuba masa taki. A shekarar 2025 an yi ta zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yammacin jihar, manya da masu bindiga suna zama a inuwa ɗaya. Ko wane irin ra'ayi mutum yake da shi game da sulhun nan, zaman manya ne, yara ba su ciki, su ne kuwa za su zauna da juna nan da shekara ashirin. Kowace ƙungiyar sikawut da za ta fita ta ɗauki yaran ƙauyen da za a ratsa da na rugar da ke kusa a matsayin 'yan ƙungiya cikakku, ta ɗauki maharbin garin da wani dattijon makiyayi a matsayin malamai, a kuma biya su ladan koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami. 'Yan mata ma suna da tasu ƙungiyar, a shirya musu tasu fitar da malamansu mata. Gargaɗi ɗaya a nan: kada wani jami'i ya ga dama ta samu ya mai da yaran nan masu kai rahoton tsaro. Ranar da aka yi haka, an kashe amanar, an kuma jefa rayukansu cikin haɗari.

Rahoton da muke so su kawo daban ne. Kowace fita a dawo da littafi: rijiya nawa aka gani, nawa ke da ruwa, gaba nawa ne zurfinta, burtalin wuri kaza taku nawa ne faɗinsa bana, kuka da ɗorawa da kanya nawa suka rage a tsaye, nawa masu gawayi suka kayar, aji nawa ne ba rufi. A kai kwafe ɗaya ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya fadar hakimi, ɗaya a ajiye a makaranta. Cikin shekara biyar za a sami labarin ƙasar Birchi da Wurma da Rawayau da Karofi da Makera wanda babu irinsa a kowace ma'aikata a Katsina, kuma yara 'yan shekara goma sha uku ne suka rubuta shi.

Wa zai fara? Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita inda ake horar da malaman da gobe za su riƙe makarantun yankin. A cikin ɗaliban nan akwai tsofaffin 'yan sikawut da 'yan Man O' War da 'yan agajin ƙungiyoyin addini waɗanda suka iya ɗaurin karaya da taimakon farko, suna zaune ba a tambaye su komai ba. Ku kuma yayyenmu da kuka riga kuka kama aiki a sakatariya, takardar izini a teburinku za ta sauka, muna roƙo kada ku rubuta mata "a dakata" don kawai ba a saba ba. Ƙungiyar ɗalibai kuwa, kuɗin da take kashewa a liyafar miƙa mulki ta dare ɗaya ya isa ya sayi jakunkunan goyo ashirin da gorunan ruwa da akwatin magani, har a yi canji. Mun riga mun rubuta wa majalisar ɗalibai takarda a kan haka, muna jiran a sa ta cikin ajandar zama mai zuwa. Hanyar farko da muka ba da shawara gajeriya ce: daga gindin dutsen Ma zuwa bakin ruwan Zoɓe, a yi sallar azahar a can, a juyo.